Yatsu Uku da Rabi a Kan Faranti

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Farantan gargaɗi na ƙarfe ɗari huɗu aka dawo mana da su yau, aka jibge kwalayen a bakin ƙofar ɗakina kamar ni na yi odarsu. Masu haɗa akwatunan wuta sun ce rubutun yana ɓarewa, wai ko da farce aka kankara sai jan HAƊARI ya taso gaba ɗaya. Shekara tara ina kan injin nan, ko sau ɗaya ba a taɓa dawo mini da aiki ba.

Manaja ya sauko da kansa. Mutumin da bai san inda ake kunna injin ba, shi ne yau ya goya hannu a baya yana leƙa cikinsa. Na sake yi masa bayani dalla-dalla: farantan ƙarfe suna fitowa daga ɗakin fenti, in jera su a kan tebur, kan injin ya bi ta samansu yana fesa tawada, fitilar UV na biye da shi tana busar da ita nan take. Ya ce, "To, me ya sa ba ta bushe ba?" Na ce ta bushe, kamawa ce ba ta yi ba. Ya dube ni kamar na zage shi.

Sai ga Salatif, mai duba ingancin kaya. Sunan da muka sa masa ke nan, don ko sallah za shi da naɗin salatif a aljihu. Ya ɗauki faranti ɗaya, ya tsaga rubutun da reza tsaye da kwance, ya manna salatif, ya danna da babban yatsa, ya fizge. Rabin kalmar ta biyo shi. Ya ɗaga sama ya nuna wa kowa, har da masu shara.

Manaja ya ce kafin ƙarshen wata zai san wanda ya jawo wannan, kuma mutumin ba zai sake zama a kujerarsa ba. Ni yake kallo lokacin da yake faɗa.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An kira injiniya. Ya auna ƙarfin fitila, lafiya lau. Ya duba ranar da aka yi tawadar, ba ta tsufa ba. Ya auna tsayin kan injin daga tebur, daidai yake yadda na saita shi. Ya buga gwaji a kan farantin da ya zo da shi a jakarsa, Salatif ya fizga har sau uku, ko ɗigo bai taso ba.

Da zai tafi ya ce, "Injinku ba shi da laifi. Ku duba abin da ke kan ƙarfen kafin tawada ta sauka."

Na so ya yi shiru a kan jimlar farko. Ba ya tauna magana, amma ya iya aikinsa.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ban yi barcin kirki ba, kuma duk wanda ya ce mini "ya aiki" yau zai ji babu daɗi.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Salatif ya shigo ɗakina babu sallama, ya durƙusa ya jawo jarkar sifirit daga ƙarƙashin tebur. Murfinta ko ɓalle shi ba a yi ba. Ya share ƙurar da ke kanta da yatsa, ya ce, "Hajiya, da me kike goge farantan?"

Na ce da wadda ta ƙare. Ya ce ina jarkar da ta ƙare? Na ce shi ne mai gadin bola? Ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi, ya rubuta wani abu, ya fita.

To, a nan dai babu Salatif, bari in faɗa. Ba na gogewa. Doka ta ce kowane faranti a goge shi da sifirit kafin ya hau tebur, kuma akwai gurbi a takardar aiki da ake sa hannu cewa an goge. Ina sa hannu, amma ba na gogewa, kuma na yi shekaru ba na yi. Me zan goge? Yayana ne shugaban ɗakin fenti, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya kawo ni kamfanin nan. Faranti in ya fito daga tanderu, da safar hannu yake sauke shi, da safar hannu yake jera shi, ya sa takarda tsakanin kowane biyu. Ƙyallen da zan goge da shi ma ya fi farantin Yaya datti. Shi da bakinsa ya ce mini tun farko, "Auta, kayan da suka fito daga hannuna kada ki ɓata lokacinki a kansu."

Shekara tara maganar nan tana aiki. Ni ban san abin da ya canza ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An yi zama a ofishin Manaja: ni, Salatif, Yaya, da Dogo mai yankan ƙarfe, wanda har yanzu ban san wa ya gayyato shi ba. Jarkar tana kan tebur a tsakiya.

Manaja ya tambayi Yaya ko an canza hodar fenti. A'a. Zafin tanderu fa? Yadda yake. Sai ya ce, "To, a ganinka daga ina matsalar take?"

Yaya yana kallon bango ya ce, "Ni dai farantaina tsaf suke fita daga wurina. Abin da ya faru bayan nan, sai a tambayi mai bugawa."

Mai bugawa! Mutumin da ya goya ni a bayansa zuwa makaranta, yau ni ce mai bugawa. Na san in na buɗe baki sai an kira masu gadi.

An ɗauke ni daga injin har a gama bincike. Dogo zai riƙe, wai ya ɗan koya a wani wuri. Ni kuma an ba ni kwalayen da aka dawo da su in ware mai gyaruwa da marar gyaruwa. Da na koma ɗaukar jakata na tarar Dogo har ya sauke mini kujera don ƙafafunsa su sake.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Baban yara ya ce in je in ba Manaja haƙuri. Haƙurin me? Ya ce ai dai na sa hannu a kan abin da ban yi ba. Na ce na gode, ban san alƙali na aura ba. Ya ɗauki rediyonsa ya koma waje.

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji kamar in jefe shi da murfin tukunya.

Yaya bai kira ba. Ni ma ba zan kira ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe uku na rana

An ajiye ni a sito, kusa da taga, ni da kwalaye. Na yi ta manna salatif ina fizgewa don haushi, ba a gefe ba inda Salatif yake gwadawa. Shi kullum kafin kaya su fita can ƙasa yake tsagawa, a kusurwa, wai kada ya ɓata faranti, shi ya sa gwajinsa bai taɓa kama komai ba. Ni a tsakiya na manna, faffaɗa, na fizge.

Tawadar ba ko'ina take tashi ba. Layi-layi take tashi, daga sama ta hagu zuwa ƙasa ta dama. Na jera guda goma a ƙasa inda hasken taga yake kwanciya a kansu. Duka iri ɗaya: layi uku dogaye, na huɗun ya fi su siranta kuma yana yankewa.

Na ɗora hannuna a kai na ja. Sawun yatsu ne. Wani ya shafa kowane faranti da tafin hannu, hannu mai maiƙo.

Mutum ɗaya na sani a kamfanin nan da injin yanka ya cinye masa rabin ƙaramin yatsa, tun ina firamare. Kuma na san gwangwanin man da yake shafawa saboda hannunsa na tsagewa.

Na mayar da su cikin kwali, na rufe, na zauna a kai.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na tsaya a bayan ƙofar ɗakin fenti minti ashirin. In akwai mutane, safar tana hannunsa. Da suka fita shan shayi ya zare ta dama da haƙori, ya bi farantan ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, kansa a ɗage. Wanda ya ji ƙurji a jikinsa ya ware gefe. Bai kuskure ko ɗaya ba.

Da wani ya dawo ya ce masa, "Duba mini agogon tanderun nan, hannuna ba daɗi." Agogon yana gaban hancinsa.

Yanzu na tuna ranar sunan jikarsa da ya zuba shayi a gefen kofi, muka yi ta yi masa dariya. Na tuna kuma ya daina tuƙa babur tun bara, wai gwiwa. Ba zan rubuta sauran ba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na tare shi a bayan sito bayan an tashi. Na ce, "Yaya, na ga yatsunka."

Ya ce, "Waɗanne yatsu kuma?"

"Uku da rabi. A kan faranti ɗari huɗu."

Can ya ce, "Hannuna ya fi safa sanin aiki."

Na ce, "Da ka ce mini in fara gogewa, kalma ɗaya, da duk wannan bai faru ba."

"In na ce ki goge, za ki tambaye ni dalili."

"Shi ya sa ka gwammace a kore ni?"

Ya ce ba za a kore ni ba, faɗa kawai za a yi mini, ni yarinya ce, ko an kore ni zan samu wani wuri. Yarinya mai 'ya'ya huɗu! Shi kuma wata bakwai ya rage masa ya cika shekara talatin a ɗakin nan. Ya ce, "Auta, so nake in fita da ƙafata, a yi mini sallama irin ta mutane. Ba na so a kama hannuna a raka ni bakin ƙofa. Wata bakwai kawai."

Na ce, "Ka je asibitin ido?"

Ya ce, "Ba ruwanki."

Ba ruwana, amma kujerata ce za ta sayi watanninsa bakwai. Ko haƙuri bai ba ni ba. Ya juya ya tafi yana bin jikin bango da kafaɗa, ni kuma na tsaya ina jin na tsane shi, kuma wallahi a lokacin da gaske nake.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Wata bakwai kawai, in ji shi.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Na wuce ta ɗakina. Dogo yana cin gyaɗa a kan teburin injin.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Dogo yana goge kowane faranti sau biyu, har da waƙa, tawada kuma ta kama ram. Shi ke nan magana ta ƙare a wurin Manaja: da ana gogewa babu matsala, wadda ba ta gogewa ita ce matsala. Babu wanda ya tambayi me ake gogewar.

Amma ɗazu Dogon ya bar faranti mai lanƙwasa a kan tebur, kan injin ya gurje shi. Tun daga sito na ji ƙarar. Injin da nake share wa baki kowace safiya kafin in sha ruwa. Babu wanda ya ce masa kanzil.

Salatif ya same ni a sito ya ce, "Hajiya, ke ba sakarya ba ce. In kin san wani abu, ranar Alhamis ce ta ƙarshe. An riga an buga takardar sallamarki, sa hannu ya rage." Na ce ya je ya manna wa bakinsa abin da ke aljihunsa.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na jira ya zo. Na ce a raina ko waya ya yi, ko cewa ya yi "Auta, yi haƙuri," zan haɗiye in karɓi takardar. Mun haɗu a bakin famfo da rana, na tsaya dab da shi. Ya wanke hannu, ya yarfe, ya wuce.

Ban sani ba ko share ni ya yi, ko kuwa bai gan ni ba ne. Ba na son in sani.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na yi.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe goma na safe

Yara sun fita, bari in rubuta ko zai bar kaina.

Mutanen ranar nan ne dai, a ofishin nan. Takardar sallamata tana gaban Manaja, biro a kanta. Ya ce ko akwai mai magana kafin ya sa hannu. Na dubi Yaya. Na ƙirga har goma a raina, na ƙara wata goman. Yana zaune ya harɗe hannu, ya ɓoye na dama a hammata.

Na buɗe jaka na ciro faranti ɗaya, sabo, na miƙa masa. Na ce, "Yaya, karanta mana ƙaramin layin nan na ƙasa."

Ya ce, "Wane irin wasa ne wannan?"

Na ce, "Ba wasa ba ne. Karanta wa Manaja."

Ya karɓa. Ya kai shi kusa da fuska, ya nisanta, ya karkata shi wajen taga. Sai hannun nan ya tafi da kansa, ya bi saman rubutun yana lalube, daga hagu zuwa dama. Da ya ankara ya janye, amma maiƙon ya riga ya kwanta a kai yana sheƙi. Na zaro guda uku daga cikin waɗanda aka dawo da su na jera a gefensa.

Dogo ne ya fara sunkuyar da kai. Salatif ya sa hannu a aljihu zai ciro naɗinsa, ya fasa. Manaja ya ce a hankali, "Tun yaushe, Baba?"

Yaya ya ce, "An kusa shekara."

Ya miƙe zai fita, ya nufi inda yake zaton ƙofa take, gwiwarsa ta bugi kujera. Salatif ya tashi ya kama masa hannu ya kai shi waje. Ina zaune ina kallo.

Da ma zan iya samun Manaja ni kaɗai in gaya masa. Na san da haka tun kafin in shiga. So na yi ya ji abin da na ji ranar da ya ce mai bugawa.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

An ba ni takardar gargaɗi, an mayar mini da injina. Yaya kuma an ce ya tafi hutun rashin lafiya, kowa ya san ba mai dawowa ba ne. Wani ya kwashe masa kayansa a leda ya kai masa gida.

Na ɗaga kujerata yadda take, na share ɓawon gyaɗa, na wanke kan injin. Faranti ɗari da sittin na buga kafin azahar, Salatif ya fizga a tsakiya, ko ɗigo bai taso ba. Ya ce, "Madalla." Na ce ya riƙe madallarsa.

Mutanen ɗakin fenti sun daina amsa gaisuwata. Su da suka yi shekara suna karanta masa agogo suna yi kamar ba su gane ba, yau ni ce muguwa.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Matar Yaya ta kira. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Kin kyauta. Allah ya bar ki da injinki." Na ce ta tambaye shi wa ya fara. Ta ce, "Ba ya magana, me zan tambaya?" Ta kashe.

Baban yara yana ji, ya ɗauki rediyonsa ya fita. Gara ma ya yi faɗan.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe takwas da rabi na safe

Na makara yau. Ga dalili.

A tashar bas na gan shi, zaune a kan benci shi kaɗai, da ambulan mai ruwan ƙasa a cinya. Ya sa rigar da yake zuwa biki da ita, maɓalli ɗaya ya shiga ramin da ba nasa ba. Na tsaya kamar taku uku daga gabansa. Na shirya abin da zan ce tun daga tsallaken titi, da na iso duk ya gudu. Ya ɗago ya dube ni sosai, ido cikin ido, ya mayar da kai.

Bas ta tsaya. Ya karkato wajena ya ce, "Baiwar Allah, don Allah wannan tana bi ta asibiti?"

Na ce, "Tana bi, Yaya. Kawo hannunka."

Na ga lokacin da muryar ta shige shi. Sannan ya miƙe, ya gyara ambulan ɗinsa, ya laluba ƙarfen ƙofar bas da kansa har ya kama. Da ya sa ƙafa ɗaya a ciki ya ɗan waiwayo.

Ya ce, "Na gode, baiwar Allah."